Daga Kano Zuwa Dingaya Don Ƙafar Malam Jibo

KANO ZUWA BIRNIN KUDU

Ana kiran assalatu maigidana ya sauke ni a tashar Unguwa Uku, yana hamma yana mitar bai taɓa ganin karatun da ke hana miji barci ba sai nawa. Ni nas ce, ina koyarwa a wata makarantar koyon jinya a Kano, kuma ina bincike a kan abu biyu: yadda nas-nas ke jure wahalar aiki, da yadda 'yan uwa ke jinyar masu ciwon suga a gida. Wadda ta tayar da ni kuwa Falmata ce, ƙawata tun muna makaranta, Babarbariya 'yar Borno, da yanzu ke riƙe da ɗakin masu suga a wani asibiti a Birnin Kudu. A waya ta ce mini: "In jinyar gida kike son gani, ki taso. Akwai wani dattijo a Dingaya da nake tsoron kada ya rasa ƙafarsa. Jibi zan je."

A tasha na yi sallar asuba, gari na washewa motarmu ƙirar Sharon ta cika muka ɗauki hanya. Kafin mu kai gadar Wudil na yi kuskuren gaya wa matar da ke kusa da ni aikina. Nan take mota ta koma asibiti. Wannan ya miƙo gwiwa, waccan ta ce jiri, wani Alhaji mai fataucin riɗi ya juyo daga gaba ya ce shi tun da ya samu wani sassaƙe ya rabu da suga.

"Alhaji, yaushe rabonka da gwaji?" na tambaye shi.

"Hajiya, mai lafiya ai ba ya neman abin da zai tayar masa da hankali."

Direba ya ce, "Ki rabu da shi, yanzu za ki ga ya sayi rake."

A Wudil kuwa ya sayi raken, ni na sayi soyayyen kifi, kowa ya ji da abin da ya dame shi. Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce, ba wanda ya tsayar da mu fiye da gaisuwa. Da hantsi muka fara hango duwatsun Birnin Kudu, manya-manya, wani a kan wani kamar an jera tukwane.

BIRNIN KUDU

Na tarar da Falmata ita kaɗai a tsakiyar jama'a, benci uku cike, wasu a tsugune a baranda. Ko sannu da zuwa ba ta gama yi mini ba ta danƙa mini na'urar gwajin suga ta ce in fara daga can ƙarshe. Baƙunta ta ƙare ke nan. Sai bayan azahar muka samu zama, ita da wasu nas biyu da ni, muka sa hannu a faranti ɗaya na shinkafa da wake. Na kunna rikoda na yi mata tambayar da na shirya tun daga Kano, cewa me ke hana ta gajiya.

"Wa ya gaya miki ba na gajiya?" in ji ta. "Kin ga ɗakin ajiyar can? Nan muke shiga mu yi kukanmu, mu wanke ido mu fito. Dokarmu ɗaya ce, ba a shiga mutum biyu a lokaci guda, don kada layi ya tsaya."

Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma a raina tausayinsu na ji.

A gidanta na sauka. Ta turare ni da turaren wuta har na fara tari, ta tuƙa burabusko da miyar kuka, sannan ta ba ni labarin dattijon. Sunansa Malam Jibo, Bafulatani, malamin da ke karantar da magidanta littattafai a zaurensa. Ya daɗe da suga, matarsa ta rasu, ɗansa Sani direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a gida ba. Jinyarsa duk tana hannun matar Sani, Rabi. Malam ya daina zuwa asibiti tun farkon damina. Rabi ce ta aiko da saƙo ta bakin wata maƙwabciyarsu mai zuwa awon ciki, cewa tana ganin tabon ruwa-ruwa a buzun sallarsa, kuma akwai ɗan wari. Mai suga in ya ji ciwo a ƙafa sau da yawa ba ya jin zafi, sai abu ya ci ya cinye. In aka makara, yankewa ake yi.

"To me ya hana ta duba?" na ce.

Falmata ta kalle ni. "Ke kina iya ce wa surukinki ya tuɓe ƙafa ki gani?"

Gaskiyarta, don ni ko ruwa zan miƙa wa nawa sai na durƙusa na kau da kai.

GWARAM

Washegari da sassafe muka shiga ƙaramar mota zuwa Gwaram, mu huɗu a baya da jakar kayan wankin ciwo a cinyata. Kaka ta yi, hagu da dama an yanke riɗi an jingina shi dami-dami yana shan rana, gero kuma an kwantar. Direban ya ce in dai Dingaya za mu, a Gwaram ikonsa ya ƙare, sai dai babur.

A bakin tasha muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana. Tana ganin tsagen fuskar Falmata ta ƙanƙance ido ta ce, "Yau na yi baƙin jini, Barebari ne farkon cinikina." Falmata ta ce ai nonon ma rabinsa ruwa ne, kamar yadda aka san Fulani. Suka yi ta yi har matar ta ƙara mata ludayi biyu kyauta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kowa na iya ƙwace abin ɗaya, kuma babban abin kunya ne ka yi fushi.

Babura biyu muka ɗauka. Ni rabona da hawa babur tun ina budurwa, ga yashi, ga kwazazzabai da ruwan bana ya bari. Na riƙe ƙarfen baya na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Mai babur ɗin ya ce, "Hajiya, ki saki jikinki, buhun masara ma ba ya faɗuwa a hannuna." Ban san ko yabo ba ne, na dai ce masa na gode.

DINGAYA

Cikin gida muka fara shiga. Rabi ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da goyo a baya, tsakar gidanta fes. Ta nuna mana tukunyar Malam daban, tuwon dawa da ganye mai yawa, kunu ba sukari, magani a cikin gwangwani a rataye inda yara ba sa kaiwa. Duk abin da aka gaya wa mijinta a asibiti ya gaya mata a waya, ta riƙe. Da muka zo maganar ƙafa sai ta rage murya.

"Baba huffi yake sawa, ko alwala a kansa yake shafa. Ba mai ganin ƙafarsa. Na gaya wa maigidan, ya yi masa magana a waya, ya ce ƙaya ce kawai. Ni kuma ina zan iya? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba." Ta share ido da gefen mayafi. "In aka yanke masa ƙafa, a hannuna aka yanke."

Huffi dai safa ce ta fata da malamai ke sawa. Ashe a nan gizo ke saƙar.

Muka fita zaure. Malam Jibo na zaune a kan buzu, siriri, fari, gemu kamar auduga, magidanta kusan goma sun kewaye shi da littattafai. Falmata ta ce in fara, ita ta tsaya a bayan ƙofa. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na yi bayanin kaina da ladabin da ko gaban sarki sai haka, na gangaro a hankali har na iso kan ƙafa.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu. A gaida mutanen Kano."

Wato an sallame ni. Ina shirin tashi sai ga Falmata ta shigo, ta yi sallama a tsaye, ta kama ƙugu.

"Ina Bafulatanin nan da ya gudu daga hannuna?"

Na fasa tashi. Magidantan suka ɗago, suka ga tsage, sai murmushi ya fara zagaya zauren. Malam ya gyara zama, idonsa ya kawo haske.

"Wa ya kwance baiwar nan tawa ta biyo ni har gida?"

"Uwargijiyarka dai. Na zo karɓar hakkina. Shekara ta juyo ba ka aiko mini da komai ba."

"Ku ba ta ƙwaryar nono, Barebari ba su wuce nan ba."

"Na sha a Gwaram, duk ruwa ne. Huffin nan nake so."

Kowa ya zuba wa huffin ido. Malam ya dube ta, ya dubi ƙafarsa. Ya gane sarai, mu ma mun san ya gane. Amma abokin wasa in ya nuna abu ya ce nasa ne, ba a hana shi, balle a gaban ɗalibai.

"Ki zaɓi wani abu. Ga rawani, ga carbi."

"Me zan yi da rawani? An ce Bafulatani ba ya tsoron bulala a wurin sharo. Ashe safa ce ba ya iya cirewa."

Wani dattijo a cikin ɗaliban ya kasa riƙe dariya, ya ce, "Gafarta Malam, yau fa an kama ka." Malam ma ya yi dariya har da girgiza kai, ya rufe littafi ya ce karatu ya tashi. Da suka fita, ya miƙe ƙafar hagu, ya ce a hankali, "Bismillah. Ki ɗauki kayanki."

Falmata ta durƙusa, ta sa safar hannu, wasa ya bar fuskarta. Sai da muka jiƙa huffin da ruwan gishiri kafin ya rabu da fata. Ƙaramin yatsa ya yi baƙi, gefen ƙafar ya kumbura ya yi ja, amma bai haura ba. Na taɓa bayan ƙafar na ji jini na bugawa, na ce alhamdu lillahi a fili. Malam ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Wallahi ban ji zafi ba," ya ce.

"Na sani, Baba," in ji Falmata. "Haka ciwon yake. Yau za mu tafi, ba gobe ba."

Bai yi musu ba. Muna wanke ciwon na hango gefen mayafin Rabi a bakin ƙofar cikin gida. Malam bai waiwaya ba, amma ya ce, "Wa ya gaya muku?" Muka ci gaba da wanke ciwon. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi mata albarka." Mayafin ya ɓace, muka jiyo sheshsheƙa tana nisa.

KOMAWA

Cikin ɗaliban akwai mai a-kori-kura da ke ɗaukar riɗi, shi ya kawo mota. Aka sa Malam a gaba, ni da Falmata muka hau baya a kan buhuna, ga huffi a jakarta, don ta rantse ba za ta mayar ba. Duk inda aka tsaya sai Malam ya leƙo ta taga ya ce a duba masa ko baiwarsa ta faɗo. La'asar sakaliya muka shiga Birnin Kudu, aka ba shi gado. Na sake kwana a gidan Falmata, da safe na kamo hanya, azahar ta yi mini a Kano, jikina duk ciwo, jakata na ƙanshin turaren wuta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga nas-nas ɗin Birnin Kudu da suka ci da ni a faranti ɗaya, da direbobi, da mai babur ɗin da bai kayar da ni ba, da Rabi da ta yarda in ba da labarinta.

Ban gama kwance kaya ba Falmata ta kira. Likita ya cire yatsan, ƙafa ta tsira. Ta ce da Malam ya farfaɗo ta gaya masa gaskiya, cewa daga yau kullum sai wani ya duba masa ƙafa, ya wanke, ya shafa mai, kuma ita ba za ta iya zuwa Dingaya kowace safiya ba. Sai ya ce:

"Yatsa ɗaya na bar wa Barebari, Allah ya sa su ƙoshi. Sauran tara kuma ki kira matar Sani ki koya mata. A hannunta na bar su."