Takalman Kaka Usaina

Tashi daga Ikko

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da Kawu Sule. Shi fataucin goro yake yi tsakanin Ikko da Bahiya da ke hayin teku, ni kuwa kakata Hassana ce ta aike ni. Ita da 'yar tagwaicinta Usaina aka kamo daga ƙasar Zazzau suna 'yan mata, aka sayar da su a hayin teku. Kaka ta fanshi kanta, ta yi aure, ta dawo wannan gaɓar. Uwargijiyar Usaina ta ƙi sakinta. Daga ranar da Kaka ta taho ba su sake ganin juna ba. Kawu ya sha gaya wa Kaka cewa Usaina ta samu 'yancin kanta tuni, amma ba ta yarda.

"Sule ba ya son ɓacin raina," in ji ta. "Ko kabarinta ya gani, cewa zai yi tana gaishe ni. Ke Talatu ba ki iya lallashi ba, ke za ki je. Ki kawo min ita a hoto in gani kafin idon nan ya gama rufewa. Kada ki kawo min teku da duwatsu."

Kayana ke nan: akwatin hoto da wata malamarmu ta makarantar 'yan mata ta bar min da za ta koma ƙasarsu, da ƙafafunsa uku, da baƙin mayafi, da kwalaben ruwan wankin hoto, da ƙaramin akwati cike da gilasan da hoto ke kamawa a jikinsu. Kwalekwale ya fitar da mu zuwa jirgi hantsi bai ɗaga ba.

A teku

Fiye da wata guda muna kan ruwa. Ba abin ba da labari, sai amai da busasshen kifi. Mai son tafiya da kayan hoto dai ya sani, laima ce babbar abokiyar gaba. Na naɗe gilasaina cikin buzu, na sa su ƙarƙashin kaina. Idon akwatin kuwa cikin zanina yake kwana. Kafin mu sauka na shiga ƙarƙashin bargo na zura gilashi biyu cikin allon katakon da ake cusawa bayan akwatin, don gilashin nan in ya ga haske kafin lokacinsa ya mutu.

Birnin ƙasa

Garin hawa biyu ne. Tasha da rumbunan kaya suna ƙasa, gidaje suna can bisa tudu. A tashar wani ma'aikaci mai gashin baki ya ɗora hannu kan akwatin gilasaina. Na ce kada ya buɗe. Na faɗa da Hausa, da Yarbanci, da Turanci. Kawu yana ta lanƙwasa harshe da ɗan yaren Fotugis ɗin da ya iya, mutumin ya ɓalle marfin, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga wa rana, wai yana neman abin da na ɓoye. Da ya gama ya mayar da su a jere, har da share ƙura, ya faɗi wata magana.

"Me ya ce?" na tambayi Kawu.

"Ya ce babu komai a jiki."

"Gaya masa ba kuma za a samu ba har abada."

Kawu bai gaya masa ba. Saura biyun da ke cikin allo ke nan. Daga baya na leƙa wani shagon hoto, nasu gilasan ba sa shiga akwatina.

'Yan dako suka rataye kayanmu a gora, suka kama hawa suna waƙa. Hanyar a miƙe take kamar bango. Ina ta yi musu tsawa kan kwalabena, sai wani dattijo a cikinsu ya waiwayo.

"Yarinya, faɗan nan naki na Hausa ne. Ƙara yi in ji, na daɗe ban ji ba."

Gidan Usaina

A wani lungu mai gangara muka same ta, gaban tukunya, tana sayar da shinkafa da busasshen nama. 'Yan garin shinkafar Hausawa suke ce mata. Da ta ɗago kai na tsaya cak. Kaka ce, har tsagen kumatun, sai dai wannan ta fi ƙiba kuma idonta garau.

Ta ƙare min kallo. "Wannan ce jikar? Ba sa ba ta abinci?"

"Suna ba ni. Jirgi ne ya karɓe."

"Baki kuma na Hassana. Zauna."

Hausarta ta tsufa. In kalma ta ɓace mata sai ta cike da Yarbanci ko Fotugis, ta ci gaba abinta. Ta soya min ƙosai da manja, ta zuba barkono har na yi hawaye, tana tambaya: Hassana har yanzu tana minshari? Haƙoranta nawa suka rage? Da dare gado ɗaya muka kwana, ta riƙe min hannu har barci ya ɗauke ta.

Ranar hoto

Ba a ɗaukar tsoho cikin rana tsaka, ido zai ƙanƙance, fuska ta cika da inuwa. Da safe na zaunar da ita a inuwar ƙofa, na sa Kawu ya riƙe farin zane daga gefe don ya maido mata haske, na jingina kanta da bango. Ta ɓata lokaci a ɗaki kafin ta fito, da farar riga da ɗankwali, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ban kula ba. Na matso da akwatin kusa har fuskarta ta cika gilashin dubawa, tsage da komai.

"Kada ki motsa sai na ce. Ko numfashi ki rage."

Na cire marfin ido, na fara ƙirga.

"'Yar nan, ƙafata ta shiga?"

"A'a. Yi shiru."

Ta miƙe tsaye. Gilashi ɗaya ya tafi.

Ban san abin da na faɗa ba, amma Kawu ya ce, "Talatu, kakarki ce." Ita ko a jikinta. Ta ɗage bakin zane. Baƙaƙen takalman fata ne na Turawa, masu igiya, ƙafarta ta kumburo ta samansu.

"Saura ɗaya," na ce. "Idon Kaka ya yi hazo. In na ja baya don takalmi, fuskarki za ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Na haye teku don fuska, ba don fatar saniya ba."

"Fuskata? Tana da irinta a gida. Ta leƙa randa."

Kawu ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai ta zauna, ta yi magana a hankali. "A garin nan bawa ba ya sa takalmi. Ko ubangijinsa ya yi masa rigar siliki da agogo, ƙafarsa a ƙasa take. Ranar da Hassana za ta hau jirgi, na raka ta tasha. Ita da takalmi, ni babu. Ba ta kalli fuskata ba, kunya ta hana ta. Ƙafata ta riƙa kallo har aka ja ta. Da na karɓi takardar 'yancina, ban biya gida ba sai da na sayi waɗannan." Ta dafa gwiwa. "In kin kai mata fuska, za ta ce ina raye. Daga nan sai ta tambaye ki sauran, ki faɗa, ta ce kin koyi halin Sule."

Na ɗauki ƙafafun akwatin na ja baya, na sake ja, har na tsaya tsakiyar hanya, masu wucewa suna kewaye ni. Cikin mayafi na gan ta a kife yadda akwatin ke nuna komai, takalman a sama, kai a ƙasa. Ta ce a tsaye za a yi. Na ce za ta yi rawa. Ta kama ƙofa da hannu ɗaya, ta turo ƙafar dama gaba. Na cire marfi. Ban taɓa ganin mutum ya daskare haka ba. Ina rufewa ta zube kan kujera tana kiran Kawu ya zo ya cire mata masifar nan.

A ɗakin ajiyar gawayinta na wanke gilashin, na toshe ƙofa da bargo, na rufe fitila da jan ƙyalle. Takalman ne suka fara fitowa.

Komawa

Da goron Kawu ya ƙare, muka yi lodin taba. Usaina ta raka mu har birnin ƙasa, takalman rataye a kafaɗarta, sai a bakin tasha ta zura su. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in gaya wa Hassana ta rage faɗa. Gilashin a ƙirjina ya yi tafiyar, cikin auduga, ban bar kowa ya taɓa ba.

Gida

Mun iso Ikko lafiya bayan la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kawu Sule da ya jure bakina wata da watanni, da dattijon nan ɗan dako da ya sauke min kwalabe ko ɗaya bai fashe ba.

Washegari na buga hoton a takarda cikin rana, na kai wa Kaka bakin ƙofa inda haske ya fi. Ta kai shi dab da hanci. Ta daɗe tana duban saman hoton. Sai yatsanta ya gangara, ya bi rigar, ya bi zanen, ya tsaya a ƙasa. Ta shafa wurin. Ta sake shafawa.

"Kin gan ta?" na ce.

"Sun matse ta." Ta share ido da bakin mayafi. "Dubi tsayuwarta. Ƙafar nan tata kamar faifai, tun muna yara. Wa ya ce ta sayi ƙanana?"

Ta cusa hoton cikin rigarta, ta ce a kira mata Sule ta ba shi haƙuri.