Duniyar Da Na Ce Wa Baba Na Gano

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, 'yar manomin gero daga Waca, ina karatun kimiyyar taurari a ƙasar waje. Tun daga lise, wato babbar sakandare, kaina yake a kumbure, don ban saba a ce mini na yi kuskure ba.

Aikina bin hasken taurari masu nisa ne. Idan wani abu mai nauyi ya gifta tsakaninmu da tauraro, nauyinsa yakan lanƙwasa hasken, sai tauraron ya ƙara haske na ɗan lokaci ya koma yadda yake. Daɗewar ƙarin ke nuna nauyin abin da ya gifta. Wata rana na ga wani tauraro ya haska ya lafa cikin kwana biyu kacal, alamar ƙaramin abu, watakila duniya mai yawo ita kaɗai. Malamina ya ce kada in faɗa wa kowa sai na tabbatar ɗigon hasken da na gani na tauraro ɗaya ne, domin wurin a cunkushe yake, hasken maƙwabta kan gauraya. Na ce to, a raina kuwa na ɗauka hassada ce. Ranar na kira Baba.

Baba bai san lanƙwasar haske ba, amma ya ji 'yarsa ta gano duniya. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwar Sassumbrum, musamman ga waɗanda suka ce karatun sama ba zai cika masa rumbu ba. Ya sa ranar sadaka.

Saura kwana uku a yi sadakar, hoton babban madubin hangen nesa ya iso. Taurari uku ne a ɗigon. Hasken biyu ya danne tashin na ukun da saukarsa, ƙololuwar kaɗai na gani. Da na cire nasu, ƙarin ya kai makonni. Wani dusasshen tauraro ne ya gifta, irin wanda aka saba gani. Na ɓoye wa Baba. Aka yanka rago, aka raba waina, aka turo mini hotuna, ina ta amsa amin.

Sai da na koma gida da damina na same shi a gona na faɗa masa. Bai tambayi komai kan taurari ba. Ya dogara hauyarsa, ya tambaye ni ko na san gaskiyar tun ranar da yake rabon sadakar. Na ce na sani. Ran Juma'a ya tsaya gaban jama'a ya janye maganar da bakinsa, bai ambaci laifina ba.

Kuskuren lissafin, malamina ya gyara shi a wuni ɗaya. Shirun ne har yau yake ba ni kunya. 'Yan uwana masu karatu, ku tace labari kafin ku kai shi gida, don iyayenmu ba su da hanyar bincike, yarda kawai suke yi. In kun gano kuskure ku faɗa ranar, kada ku bar dattijo ya ƙaryata kansa saboda ku.