Mai Sanda da Tayoyin Tsohuwa

Har yau sandar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, ta yi baƙi ƙirin da man gas, jikinta duk tsaga. Jikokinsa sun taso suna tsammanin ta duka ce, alhali tankin mota kaɗai ta sani.

Saboda ita aka laƙaba masa Mai Sanda. Direban babbar mota ne da bai yarda da agogon mai ba. Cewa yake allura tana ƙarya, itace ba ya yi. In ya dawo daga tafiya, kafin ya kurɓi ruwa sai ya zura sandar a tanki, ya zaro, ya ga inda mai ya tsaya.

Motar, wadda yake kira Tsohuwa, ta yi shekara goma sha huɗu tana jidar dutse a wata gajeriyar hanya mai yawan hawa. Da aka rufe wurin fasa dutsen, ya koma ɗaukar siminti a doguwar kwalta miƙaƙƙiya, mai hawa ɗaya tal. Nan Tsohuwa ta sake hali. Inji ya yi ta ihu, gudu babu, mai kuwa kamar a rairayi ake zuba shi.

Wata safiya babban ɗansa ya same shi a tsakar gida, ya durƙusa.

"Baba, motar nan cinye ka take yi. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo sau biyu."

"A kan kujerarta ka yi rarrafe, yau kai ne dillalinta?"

"Ba haka ba ne, Baba."

Mai Sanda ya san yaron yana da gaskiya, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ya ɗauko wuƙa ya yi sabuwar tsaga a sandar. "Tafiya uku. In ba ta dawo da mai sama da nan ba, kira mai ƙarafan da kanka."

Da farko ya sauya tayoyi. Ya sa dogaye, don a lissafinsa doguwar taya ta fi cin ƙasa a juyi ɗaya, inji zai huta. Tsoffin ya so bayarwa, matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta hana. "Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari," ta ce, ta sa aka jera su a gindin katanga. Tafiyar farko mai ya dawo yatsa ɗaya ƙasa da tsagar. An matso, amma ba a kai ba.

Sai ya kira amininsa, wani bakanike da ake ce wa Kunne, don da saurare yake gane ciwon inji. Kunne ya ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, ya shafa alli a taya, ya shafa a farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa baya. Mai Sanda ya juya taya sau biyu, Inna ta tsuguna tana ƙirga juyin farfela da ƙarfi.

"Shida da ɗan ɗori!"

"Ka ji ko?" in ji Kunne. "Haƙoran da ke cikin tukunyar bayan nan, inda farfela ke juya tayoyi, na hawan dutse ne. Ka ɗauki jaki ka sa shi tsere. Zan sa maka masu juyi huɗu da rabi, amma ka cire dogayen tayoyin nan. Ɗaya ake zaɓa."

"In ɗaya ya rage shan mai, biyu fa?"

"Biyu su kwantar da kai a hawa, tsohon banza."

"Kai da ko keke ba ka iya tuƙawa?"

Kunne ya sauya haƙoran, Mai Sanda ya bar tayoyinsa. A miƙaƙƙiyar hanya Tsohuwa ta yi luf, inji yana gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Har waƙa ya yi. Da suka iso hawan nan guda ɗaya, da siminti fal a baya, sai ƙarfi ya gudu. Ya sauko giya, ya ƙara saukowa, har ta ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe, kuloci ya fara ƙauri, masu tafiya a ƙasa suna wuce shi suna masa sannu. Bayan hawan ma, ko iska ce ta taso ta gaba sai ya rage giya. Ya dawo gida, sanda ta nuna yatsu huɗu ƙasa da tsaga.

Saura tafiya ɗaya. Ya zauna a kan tsoffin tayoyin ya yi tagumi. Zuwa wurin Kunne ya fi masa hawan nauyi.

Inna ta ajiye masa ruwa. "Maigida, abin da kake nema a kansa kake zaune."

Ya dubi tayoyin da ke ƙarƙashinsa, ya dube ta. Washegari da hantsi aka ga yana gangara tsoffin tayoyin zuwa garejin Kunne. Kunne ya hango shi, ya kama kunnensa ya ja.

"Me na ji? Kamar ƙaurin kuloci."

"Ɗaura min, ka bar surutu."

"Sai ka ce na fi ka."

"Ka fi ni tsufa."

Tafiya ta uku Tsohuwa ta haye hawan da giya ta uku, ba ta yi tari ba. Da ya tsaya a ƙofar gida bai taɓa sandar ba, ya miƙa wa ɗansa. Yaron ya zura, ya zaro, ya daɗe yana kallo. Jiƙar man ta wuce tsagar da yatsu biyu.

"Ko sandar ce ta yi kuskure, Baba?"

"Itace ba ya ƙarya. Ka gaya wa mai ƙarafan na gode."

Tsohuwa ta ƙara shekara goma sha ɗaya a hanya. Dogayen tayoyin su suka koma gindin katanga, Inna ta cika su da ƙasa ta shuka barkono a ciki. Duk wanda ya yaba barkonon, sai ta nuna Mai Sanda da haɓa ta ce, "Shi ya sayo tukwanen."