Kifin Kawu Mokbul

"Kawu Mokbul, ruwan nan ai ya yi garau! Ko alwala sai a yi da shi," in ji direban tanka, yana dariya.

"To bismilla, ɗan nema, fara mu gani," dattijon ya amsa, bai ko ɗago ba.

Ban san shi ba, jiran kaya ne ya zaunar da ni kusa da shi a tashar jiragen ruwa ta Chattogram. Aikinsa karɓar baƙin ruwan da jirage suka wanke hayaƙinsu da shi, ya zuba maganin da ke cinye gubar kafin a buɗe famfo a sake shi cikin kogi. Maganin ya koɗar da yatsunsa kamar na gawa.

Yana tsugune gaban bokitin ruwan da ya gama gyarawa, ya saki ɗan kifi a ciki. Ba ya ƙiftawa, leɓunansa na motsi. Daga yadda ya riƙe kifin nake zaton masunci ne a da, wanda wata safiya ya iske gaɓar ƙauyensu fari fat da matattun kifaye.

Kifin yana iyo, can sai ya fara karkata.

"Yau ba mai buɗe famfon nan," ya ce a hankali. Ya miƙe, ya nufi rumbun magani.