Jar Fitilar Motar Kawu

Kawu yana da tsohuwar a-kori-kura, kuma yana alfahari da cewa da kunne yake gane ciwon inji. Tun kakar gyaɗa wata jar fitila mai hoton buta ta fara kamawa a gaban sitiyari. Ya ce tana damun idonsa, sai ya manna mata sitika mai addu'ar tafiya. Ina tsaye ya lailaye ta da babban yatsa.

Ranar jarrabawar shiga sakandare, shi ya ce zai kai ni Birnin Kudu daga Maruta. Maƙwabcinmu ya yi tayin ɗaukata a babur. Kawu ya ce 'yar gidansu ba ta hawa akwala, balle ta mutumin da bakinsa ke busar da shuka.

Mun kusa Gwaram injin ya soma ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano, sannan ya mutu. Kawu ya fara da zagin mai fetur. Ya kwance fulogogi, ya hura musu iska, ya goge su da bakin riga. Daga nan ya koma kan maƙwabcinmu, wai da muka fito ya ce masa a sauka lafiya da wata irin murya. Ni dai ina riƙe da fensirina, ina kallon inuwar motar tana gajercewa.

Bakaniken da aka kira ya cire disturbuta mai raba wa fulogogi wuta, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai haƙora, duk sun gutsure. Ya ce shi ke juya disturbuta da famfon baƙin mai. Famfon ya cije, haƙoran suka tafi, wuta ta daina zuwa.

"Alhaji, fitilar baƙin mai ba ta taɓa kamawa ba?"

"Motata ba ta da wannan ɗabi'ar," in ji Kawu.

Bakaniken ya murɗa makulli. Ja ya ɓullo ta gefen sitikar. Kawu ya duba, ya ce ai ga shi nan, addu'ar ce ta riƙe motar har aka gama kwasar gyaɗa.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinmu a babur, ya tsaya. Kawu ya cusa kai cikin bonet, daga can ya ce in hau, in riƙe da kyau. Na shiga aji ana raba takardu.

Amma kafin mu tashi, maƙwabcin ya waiwaya a hankali.

"To, Alhaji, a sauka lafiya."