Fayil ɗin Madam Dooshima

Shekara goma sha tara Madam Dooshima Torkula ta yi tana aikin malamar gona a Lafia, kuma duk abin da ta koya wa manoma yana cikin fayil guda da take haskawa da majigi. Da shafi goma sha biyu ta fara shi, kan ruɓewar doya. Daga nan duk ƙauyen da ta shiga sai ta ɗauki hoto ta ƙara: rumbunan Kwandere, kasuwar Agyaragu, har matan Awe masu dafa gishiri, waɗanda aikinta bai shafe su ba, burge ta kawai suka yi. Ba ta taɓa goge ko ɗaya ba. Ranar da ta yi ritaya shafukan sun haura dubu.

Bayan wata uku Rekiya, wadda ta gaji kujerarta, ta iske ta a gida tana ɓarar agushi.

"Madam, shafi shida kawai nake so, na ajiyar irin doya. In na ce kwamfuta ta ɗebo min daga fayil ɗinki, sai ta nuna na farko-farko ta tsaya cak."

Dooshima ta yi dariya. "Nauyi ya yi mata. Ni ma a ƙarshe sai in kunna, in je in ɗora tukunya, kafin ya buɗe."

Ba wata dabara sai raba shi, kowace shekara da nata fayil. Aikin yini guda ya ci sati biyu, don Dooshima ba ta barin hoto ya wuce haka nan.

"Tsaya, Rekiya. Wannan Babandi ne. Shi ya fara yarda ya shafa wa iri toka, ana ta yi masa dariya. Ya rasu bara waccan."

Ga wata manomiya, Ursula, rungume da doya kamar jariri. Ga wata gona da yanzu gidajen haya ne a kanta. Rekiya ta shiga rubuta sunaye a ƙasan hotunan, tunda ba mai sanin mutanen sai Dooshima.

A fayil ɗin shekara ta tara suka sami shafuka shidan, Rekiya ta tafi da su.

Ita kuwa Dooshima ta sa an wanko mata hotuna tamanin. Ranar kasuwa takan hau babur ta bi ƙauyuka tana miƙa wa iyalan masu su. Wasu ta same su, wasu sun tashi. A Agyaragu 'yar Ursula ta karɓi na uwarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Madam, wannan zanin da ke jikinta yana nan a akwatina."