Likkafanin Goggo Ya Gaza da Taƙi Ɗaya

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekara arba'in da wani abu tana wanke matan unguwarmu tana suturta su.

Goggo, shekara ashirin ina riƙe miki buta. Ban taɓa ganin kin zuba wa mamaciya ruwa ba sai kin gwada ɗuminsa a bayan hannunki. Kafin ki juya ta kikan sunkuya ki ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah." In kin fito tsakar gida mata suka matsa da tambaya, sai ki nemi takalminki ki wuce. Abin da idonki ya gani a ɗakunan nan, da shi kika tafi.

Kin ba ni labarin likkafanin dā, farin saƙar hannu, ana zaro zaren ɗinki daga jikinsa, ba a ƙulla shi. Irinsa mahaifiyarki ta bar miki a ƙasan akwati. Sau biyu kina nuna mini shi, kika ce ni zan yanka, mayafi biyu, kowane kamu biyar.

Ina da abin faɗa miki. Kullum ke ke awo, ni ɗinki. Ranar nan na auna kamu biyar da hannuna, na yanka duka biyun, ragowar na yi miki riga da kallabi, ban tuna hannunki ya fi nawa tsawo ba. Da muka shimfiɗa ki, ƙafafunki suka rage a waje da taƙi guda. Maza na ƙofar gida suna jira, babu masaƙin da zai saƙa mana irinsa. Na tsaya da almakashi, na kasa kallon 'yarki babba.

Ita ta dafa ni. Ta ce da kina gani, faɗan minti ɗaya za ki yi, sannan ki miƙo allura.

Na shiga gidana na ɗauko likkafanin da na ajiye wa kaina, alawayyon kanti ne, na yago gefensa. Muka ɗinka a ƙasan naki, ni da ita, zare ba ƙulli. Farin bai zo ɗaya ba, amma kin rufu ruf, har da abin ɗaurewa. Ɗinkin da ke wajen ƙafafunki kuskurena ne, Goggo. Ki yafe mini.

Ya Allah, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta bayinKa. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wajen tambaya. 'Ya'yanta da jikokinta, da matan unguwar da yanzu za su aiko a kira ni, Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Amin.